Makaɗan Pank da Manyan Kamfanonin Faifai: Me Ke Samun Waƙa Bayan An Sa Hannu?

Gabatarwa

Duk saurayin da ya fara waƙa a ƙaramin sutudiyo, a nan garinmu Ushafa ne, ko Kubwa da Bwari, ko Kano da Kaduna, in ka tambaye shi burinsa zai ce maka yana jiran ranar da wani babban kamfani zai kira shi ya sa hannu. A ganinsa daga ranar kakarsa ta yanke saƙa. Ni kuwa tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce, faifan da mawaƙi ya yi bayan ya sa hannun, na wane ne? Nasa ne, ko na kamfani, ko na mutanen da suka raine shi tun ba a san shi ba? Babu inda aka yi wannan muhawara da zafi kamar tsakanin makaɗan pank na Ingila da Amurka. Saboda haka a wannan maƙala zan fara da su, sannan in dawo gida Nijeriya da Nijar, domin mu ga abin da mawaƙanmu za su ƙaru da shi.

Mene Ne Kiɗan Pank?

Pank wani reshe ne na kiɗan rok da ya ɓulla a biranen Niyok da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Kayan kiɗansa ba su da yawa: jitar lantarki, da jita mai kaurin murya, da ganguna. Waƙoƙinsa gajeru ne masu sauri da ƙara, kuma galibi kokawa suke yi kan rashin aikin yi da halin masu mulki. Alal misali, faifan farko na ƙungiyar Ramones, wanda ya fito a 1976, waƙoƙi 14 ne a cikinsa, amma duka ba su kai minti 30 ba, kuma abin da aka kashe wajen ɗaukarsa bai wuce dala 6,400 ba.

Aƙidar masu wannan kiɗa ita ce kowa ya yi abinsa da kansa. Su buga faifansu, su zana bangonsa, su sayar wa masoyansu hannu da hannu a wurin wasa. Don haka idan wata ƙungiya ta koma hannun babban kamfani, 'yan'uwanta kan ɗauke ta a matsayin wadda ta ci amana. A yau manyan kamfanonin uku ne, wato Universal da Sony da Warner, kuma kowanne yana da ƙananan kamfanoni a ƙarƙashinsa.

Yadda Yarjejeniyar Take

Kafin mu shiga misalai, ya kamata mai karatu ya san abin da ake sa wa hannu. Kamfani kan ba makaɗa kuɗin kafin alƙalami. Mutane da yawa na ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne da za a zare daga kason mawaƙi na cinikin faifai. A kan wannan bashin ake ɗora kuɗin sutudiyo, da na furodusa, da wani ɓangare na kuɗin bidiyo da yawon wasa. Sai an gama zare duka kafin mawaƙi ya sake ganin ko sisi. Bugu da ƙari, a mafi yawan irin wannan yarjejeniya uwar faifai, wato asalin ɗaukar da ake buga sauran daga gare ta, mallakar kamfani ce ko bayan an gama biyan bashin.

A 1993 wani makaɗi kuma mai ɗaukar sauti ɗan Amurka, marigayi Steve Albini, ya rubuta maƙala ya yi lissafi da misali. Ƙungiya ta karɓi dala 250,000 kafin alƙalami, faifanta ya sayu kwafi 250,000, amma bayan an zare komai kowane makaɗi ya tashi da kimanin dala 4,000 kacal. Tun da kuwa kamfani ya zuba kuɗi, dole ya so faifan ya shiga rediyo, daga nan sai ya fara sa baki a kan sauti da zaɓen waƙa. Hausawa sun riga sun faɗa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Wannan rikici ya fara tun farkon pank. Kamfanin EMI ya ɗauki ƙungiyar Sex Pistols a watan Oktoba na 1976, ya sallame ta a Janairun 1977 bayan ashar da suka yi a talbijin. A wannan watan ne kuma ƙungiyar The Clash ta sa hannu da CBS a kan fam 100,000. Ba a daɗe ba kamfanin ya zaɓi wata waƙarsu ya fitar da ita kasuwa ba tare da yardarsu ba, su kuma suka mayar masa da martani da wata waƙar, wadda shi ɗin ne ya buga ta ya ci ribarta.

Faifai Biyu, Furodusa Ɗaya

Misalin da ya fi shahara shi ne na Green Day, ƙungiyar samari uku daga jihar Kalifoniya. Sun taso ne a wani ɗakin wasa na birnin Bakli da ake kira 924 Gilman Street, wanda matasa ke gudanarwa da kansu, kuma dokarsa ta hana ƙungiyar da ke hannun babban kamfani yin wasa a ciki. Faifansu na 1991, Kerplunk, ƙaramin kamfanin Lookout ne ya buga shi. A 1993 suka sa hannu da Reprise, reshen Warner, kuma a watan Fabrairu na 1994 faifan Dookie ya fito, wanda Rob Cavallo ya yi furodusansa. Faifan ya sayu fiye da kwafi miliyan 10 a Amurka kaɗai, ya kuma ci lambar yabo ta Grammy a 1995. Ɗakin Gilman kuwa ya rufe musu ƙofa, ba su sake yin cikakken wasa a can da sunansu ba sai 2015.

To, me ya canza a waƙar kanta? Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa, domin waƙar “Welcome to Paradise” tana cikin faifan biyu. Na saurare su a jere. Kalmomi ɗaya ne, karin murya ɗaya ne, tsarin waƙar ma kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga ɗauka: a ta biyun ganguna sun fi nauyi, jita ta fi kauri, muryar mawaƙin kuma ta fito fili. Ke nan abin da ya fusata tsofaffin masoyansu ya fi alaƙa da zumunci. Abin da suke ganin nasu ne su kaɗai ya zama na duniya. Har ila yau, kada a ɗauka ƙaramin kamfani ba ya saɓa alkawari, domin a 2005 Green Day ta janye tsofaffin faya-fayanta daga Lookout saboda rigimar kason da ba a biya ba.

Nasarar Dookie ta sa manyan kamfanoni suka bazama farautar ƙungiyoyin pank. Cikin waɗanda aka kama har da Jawbreaker, waɗanda a baya suka sha faɗa a bainar jama'a cewa ba za su taɓa sa hannu ba. Kamfanin DGC, reshen Geffen, ya ɗauke su a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kimanin dala miliyan ɗaya, aka kuma kawo musu Rob Cavallo ɗin nan. Faifan Dear You ya fito a 1995. An san mawaƙinsu da murya mai kaushi, sai ga ta ta fito sumul. Tsofaffin masoya suka juya baya, sababbi ba su zo ba, faifan bai sayu ba, ƙungiyar ta watse a 1996. An yi ba wan ba ƙanen. Daga baya ne wasu matasa suka gano darajar faifan, aka sake buga shi a 2004, ƙungiyar ta sake haɗuwa a 2017.

Mu Dawo Gida

Mawaƙan Afirka ta Yamma ma sun sha irin wannan ruwa. Bayan rasuwar Bob Marley a 1981, kamfanin Island ya shiga neman wanda zai maye gurbinsa, sai ya ɗauki King Sunny Ade. A Nijeriya waƙoƙinsa kan zuba ne ba yankewa har su cika gefen faifai guda. A faifan Juju Music na 1982 aka yanyanka su gajeru domin kunnen Turawa. Faifan da ya biyo baya a 1983 ya shiga takarar Grammy, a na 1984 kuma har Stevie Wonder aka gayyato. Da ciniki bai kai yadda ake so ba, kamfanin ya rabu da shi. Abin da ya rufa masa asiri shi ne yana da nasa kamfanin a gida tun shekarun 1970, kuma masu gayyatarsa biki ba su taɓa barinsa ba.

A Nijar, inda kiɗan jitar Buzaye ya fi kusa da pank a ruhi, akwai Bombino na Agadas. Kiɗansu na koke ne, har gwamnati ta taɓa hana shi lokacin tawayen 2007, abin da ya sa Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Bayan faifansa Agadez na 2011 ya yi suna, kamfanin Nonesuch, reshen Warner, ya ɗauke shi. Aka ɗauki faifan Nomad a birnin Nashbil na Amurka, Dan Auerbach ya yi furodusa, ya fito a 2013. An ƙara masa kayan kiɗan Amurka, sautin ya yi kauri, amma harshen waƙar bai canza daga Buzanci ba. Faifai ɗaya ya yi da su ya koma ƙaramin kamfanin Partisan, kuma a can ne faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. A fahimtata ya yi amfani da babban kamfani ne kamar tsani.

Shi kuwa Mdou Moctar wata hanya ya bi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin fina-finan Hausa. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yaɗu har ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya nemo shi. A 2020 ya sa hannu da Matador, kamfani mai ƙarfi amma mai zaman kansa. Faya-fayansa na 2021 da 2024 sun fi na baya ƙara, sun kuma fi zafin suka ga Faransa da masu kwashe ma'adinan Nijar. Furodusansa ɗan ƙungiyarsa ne, Mikey Coltun, wanda shi ma a cikin 'yan pank na Washintan ya taso.

Batun Ubangida

Bahaushe bai kamata wannan magana ta zame masa baƙuwa ba. Masana sun raba makaɗanmu gida-gida, ciki har da makaɗan fada da makaɗan jama'a. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, cinsa da suturarsa da dokinsa duk daga fada suke, kuma wannan bai hana shi zama gwanin da har yau ake nazari a jami'a ba. Shata kuwa bai ɗaure kansa ga ubangida guda ba. Duka biyun sun yi fice. Sai dai akwai bambanci tsakanin sarki da kamfani. Sarki yabo yake so, waƙar kuwa tana bakin makaɗi, duk inda ya je da abarsa zai tafi. Kamfani riba yake so, kuma takarda ta mallaka masa ɗaukar waƙar.

Ko a sana'ar garinmu ana ganin haka. An san Ushafa da ginin tukwane, shi ya sa ma Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce mu a watan Agusta na 2000. Maginiya ɗaya kan gina randar da za a sha ruwa a gida, ta kuma gina tukunyar ado wadda baƙo zai saya ya ajiye a falo. Yumɓu ɗaya ne, hannu ɗaya ne, mai saye ne ya bambanta. Muddin tana iya gina duka biyun, ba ta yi asara ba. Ranar da ta manta ginin randa, kasuwarta ta koma hannun baƙon da zai iya daina zuwa.

Kammalawa

Daga misalan da na kawo, mai karatu zai ga cewa sa hannu da babban kamfani ya ɗaga Green Day, ya wargaza Jawbreaker, ya ba Sunny Ade suna na ɗan lokaci, ya kuma zama tsani ga Bombino. Abubuwa uku ne na ga suna raba gardama: wa ke da uwar faifai kuma har zuwa yaushe, wa ke da maganar ƙarshe a kan sauti da zaɓen waƙa, sannan ko mawaƙi yana da jama'ar da za su tsaya masa in kamfani ya juya baya. Shawarata ga 'yan'uwana matasa masu waƙa ita ce su nemi amsar waɗannan tambayoyi a rubuce kafin su karɓi kafin alƙalami. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi cewa sai a rubuce ake mallaka wa wani haƙƙin waƙa, don haka abin da takarda ta ce shi kotu za ta duba. A kai wa lauya ya karanta, a kuma tuntuɓi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da ke nan Abuja. Mu kuma ɗaliban Hausa, akwai fagen nazari a gabanmu, domin dangantakar mawaƙan zamani da masu sutudiyo da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai tana buƙatar irin binciken da aka yi wa makaɗan fada da iyayen gidansu.