3.4 Salon Maimaici a Kiɗan Fiyanon Lantarki

Idan aka ce salon maimaici, ana nufin makaɗi ya ɗauki ɗan gajeren sautin kiɗa ya yi ta nanata shi, yana ƙara wani abu ko ragewa sannu a hankali, har kiɗan ya sauya kama ba tare da mai sauraro ya lura da lokacin da ya sauya ba. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin gwaninta. Wannan sashe zai nuna cewa ba haka abin yake ba.

Maimaici tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Alal misali, a karkarar Dambatta da Bichi, inda gonaki ke jere ba tazara, makaɗin gangar noma kan riƙe kiɗa guda a wurin gayya domin manoma su daidaita saran garma. In ya ga ƙarfi ya fara raguwa, sai ya ɗan tsananta kiɗan, ya sako taken wani gwarzon manomi. Ke nan maimaici shi ke riƙe aiki, sauyi kuma shi ke zaburarwa.

Fitaccen makaɗin da ya ɗora irin wannan tsari a kan kayan lantarki shi ne Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar. A shekarar 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai da fiyano samfurin Orla, ƙirar Italiya. Amon da na'urar ke bugawa da kanta shi ke tsayawa a matsayin ganga, yayin da yatsunsa ke jujjuya karin waƙoƙin gargajiya kaɗan-kaɗan. An daɗe ana sanya kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin.

A Amurka ma, Steve Reich ya tsara Four Organs a 1970, inda fiyano huɗu ke ta jan tsawon sauti guda. A shekarar ce kuma ya je Ghana koyon kiɗan ganguna.

Daga bayanan da suka gabata, za a iya cewa kayan kiɗan ne baƙo ga Bahaushe, amma salon nasa ne tun kaka da kakanni.