Yadda Mita Da Kayan Wuta Na Gida Ke Magana Da Kamfanin Lantarki

Duk mai wutar lantarki a gidansa a Gwarzo ko Kabo ya san takardar bil, ya kuma san gardamar da takan biyo bayanta. Ma'aikaci ya kawo takarda, mai gida ya ce rabin watan a duhu ya yi shi. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa PHCN da ta gaje ta a 2005, wannan gardama ba ta ƙare ba. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda KEDCO ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa.

Tushen gardamar ɗaya ne. Kamfani yana can, gida yana nan, in babu mita sai ƙiyasi. Dabarar da aka samo ita ce a sa mita, har ma da wasu kayan wuta na cikin gida, su riƙa karɓar saƙo suna aikawa. Amma saƙo sai da hanya. Hanyoyin huɗu ne, kowace da amfaninta da kuma cikas ɗinta.

Hanya ta farko: hannun mai gida

Mitar kati da aka fi sani ba ta da wata alaƙa da ofishin kamfani. Mai gida ne ɗan aike. Idan ya biya kuɗi, kwamfutar kamfani takan ba shi lambobi 20. A cikin lambobin nan aka ɓoye yawan yunit ɗin da ya saya. An ƙulla su da mitarsa ita kaɗai, saboda haka ba za su shiga mitar maƙwabci ba, kuma sau ɗaya suke aiki. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro wannan tsari a shekarun 1990.

Amfanin wannan hanya shi ne ba ta bukatar sabis na waya. Cikas ɗinta kuwa, kamfani ba ya iya gaya wa mitar komai sai ta hannun mutum. An ga haka a 2024. Agogon da ke cikin tsarin lambobin ya zo ƙarshen lissafinsa ranar 24 ga Nuwamba, dole masu tsofaffin mitoci suka karɓi lambobi na musamman kashi biyu, suka danna da hannunsu, kafin mita ta ci gaba da karɓar sabon kati.

Hanya ta biyu: wayar wuta kanta

Wayar da ke kawo wuta tana iya ɗaukar saƙo, kamar yadda jaki ke ɗaukar kaya a kuma ɗora masa wasiƙa. Da haka yawancin mitoci masu rabi biyu ke aiki. Ita mitar tana sama a kan falwaya, ɗan akwatin danna lambobi yana ɗaki, a jone da soket.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan an juya gida zuwa janareta ko sola, an yanke hanyar da akwatin ke bi, don haka kati ba zai shiga ba. Haka kuma idan babu wutar kamfani a layin. In yunit ya ƙare ƙarƙaf, sai a tabbata akwatin yana da batir mai kyau, yana jone da soket na bango, an kuma mai da gidan kan layin kamfani, sannan a danna.

Saƙon yana iya wuce gida. A ƙasar Italiya, daga 2001, kamfanin Enel ya sa mitoci wajen miliyan 30 masu aika karatunsu ta wayar wuta zuwa wata na'ura a jikin taransifoma, ita kuma ta tura ofis. Sai dai hanyar tana son waya mai lafiya. Inda aka yi ta ƙulle-ƙulle da jone-jone barkatai, saƙo yakan ɓace a tsakani.

Hanya ta uku: sabis na waya

Wata mitar tana da sim a cikinta kamar wayar hannu. Ita da kanta take gaya wa kamfani abin da aka sha, da lokacin da wuta ta ɗauke, da lokacin da wani ya buɗe murfinta. Kamfani yana iya yanke wuta ko mayar da ita daga ofis, ba tare da kowa ya hau tsani ba. An fi sa irinta a masana'antu da manyan layuka da taransifomomi. Wasu akwatunan sola da ake biya kaɗan-kaɗan ma haka suke: an biya, su buɗe, kuɗi ya ƙare, su kulle.

Wannan hanya tana tafiya ne da ƙarfin sabis. Wurin da sai an hau tudu ake samun kira, mita ma wahala za ta sha.

Hanya ta huɗu: ƙaramin rediyo

Akwai mitocin da ke miƙa wa juna saƙo ta iska, wannan ta ba wancan, har ya isa na'urar da ke tarawa. Kamar dai shela ce daga bakin wannan zuwa kunnen wancan. Ta dace da cikin gari inda gidaje ke haɗe da juna, irin cikin Gwarzo, ko Getso, ko Garo. A unguwannin da gonaki suka raba gidaje, saƙon ba ya iya tsallakawa.

To, ina batun firji da hita?

A wasu ƙasashe maganar ta shiga har cikin ɗaki. A Birtaniya mita tana aika saƙo ta ƙaramin rediyo mai suna Zigbee zuwa wani ɗan allo, uwargida ta ga kuɗin da wuta ke ci a lokacin. A wasu biranen Afirka ta Kudu ana tura saƙo ta wayar wuta a kashe tukunyar dafa ruwan wanka na ɗan lokaci idan layi ya yi nauyi. Akwai kuma firji da na'urar sanyaya ɗaki masu haɗuwa da intanet ta Wi-Fi. Dalili shi ne kowa yakan kunna kayansa da magariba, nauyi ya taru a kan taransifoma. Idan manyan kaya suka ɗan dakata, ba sai an ɗauke wa unguwa duka wuta ba.

Amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Waɗannan kaya suna bukatar wuta tsayayya da intanet. A tsarin da aka fara a 2020 an kasa masu wuta rukuni biyar: A awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ga gidan da ke samun awa huɗu, firji mai magana ba shi ne farko ba. Mita ce farko.

Abin da ya kamata mai gida ya yi

Wanda ba shi da mita ya nemi bayani a ofishin kamfani kan shirye-shiryen raba mita, ya kuma karɓi rasit a kan duk abin da ya biya. Ranar da za a sa masa, ya tambayi ta wace hanya take aiki, domin sanin haka ne zai raba shi da kiran mai gyara a banza. Ya rubuta lambar mitarsa ya adana, ya duba ta sau biyu kafin ya sayi kati. Kada ya bari kowa ya buɗe mitar ko ya kewaye ta da waya. Wannan satar wuta ce, doka tana hukunta mai yi, mitar kuma takan kulle kanta ta ajiye shaida. Idan ya ga lissafi bai yi daidai ba, ya kai ƙorafi a rubuce, ya riƙe kwafi.