WAYAR SALULA A NIJAR: Injin da ba a gani, da dukiyar da ke bi ta cikinsa

Daga Babbar Kasuwar Yamai zuwa Katako da Wadata, da wuya a yau a ƙulla ciniki ba tare da waya ta shiga tsakani ba. Da ita ɗan kasuwa ke jin kuɗin albasa a Galmi, da ita ma'aikaci ke aika wa iyayensa na ƙauye abin cefane a ƙarshen wata. Amma wayar hannu da turakun eriya da muke hange bisa gari kunnuwan jaki ne kurum. Gangar jikin tana ɓoye cikin ɗakunan injuna, kuma can ne ake yanke shawarar abin da kowa zai biya. Wannan injin, da wanda ke riƙe da makullinsa, shi ne batun da muka kawo muku a wannan mako.

Tushen al'amarin

Masu karatu da suka manyanta ba su manta ba da zamanin da samun layin waya na SONITEL a gida ko a kanti ya zama abin alfahari, sauran jama'a kuwa sai dai su bi layi a ɗakunan buga waya na haya. A 2001 ne abin ya sake salo, sa'ad da kamfanin Celtel ya buɗe wayar salula, SahelCom da Telecel suka biyo baya. Tun daga nan sunaye suka yi ta canzawa kamar riguna. Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010 da ƴan Indiya suka saye shi. Telecel ya zama Moov, ya faɗa hannun Maroc Telecom a 2015. Orange na Faransa ya shigo a 2008, ya fita a watan Nuwamba na 2019 bayan ya sayar da hannun jarinsa ga Zamani Com, na attajirai Mohamed Rissa da Moctar Thiam. Shi ne Zamani Telecom. Gwamnati kuma ta haɗe SONITEL da SahelCom a 2016, aka sami Niger Telecoms. Alƙalin wasan duka huɗun shi ne hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018.

Amfanin da ƴan kasuwa suka samu ba zance ne na fatar baki ba. Wata masaniyar tattalin arziki daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin kuɗin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: wanda a da sai ya hau mota ya ɓata yini kafin ya san kuɗin buhun gero a Maraɗi, yanzu kira ɗaya ya wadace shi.

Yadda injin yake aiki

Kowane rezo hawa uku ne. Hawan farko eriya ce, mai karɓar muryar wayarka. Na biyu hanya ce, galibi zaren gilashi da aka binne ƙarƙashin ƙasa, mai ɗaukar saƙo daga gari zuwa gari har ya tsallaka iyaka. Da yake Nijar ba ta da teku, dole zarenmu ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke kwance cikin ruwa. Hawa na uku shi ne cibiya, ko dandamali. A nan ne rajistar layuka take, mai tabbatar da cewa katin sim ɗinka na gaskiya ne. A nan ne ma'auni yake, mai rage kiredi daƙiƙa bayan daƙiƙa. A nan ne kuma ake amsa lambobin nan masu farawa da tauraro, waɗanda muke latsawa domin duba saura ko aika kuɗi.

A da, kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan da akwatinsa na ƙarfe, wanda ake sayowa da tsada daga Ericsson, Alcatel, Huawei ko ZTE. In kamfani yana son ya fito da sabon tsarin farashi, sai ya jira injiniyoyin mai akwatin, wani lokaci watanni. Daga 2012 manyan kamfanonin waya na duniya suka haɗa kai kan a mai da ayyukan nan manhaja, wato umarnin da ake ɗora wa kwamfuta irin wadda kowa ke iya saye. Da abin ya kankama, dandamali ya zama kamar yadi a hannun tela: ƙyalle ɗaya ne, amma a ɗinka wa banki rigarsa, a ɗinka wa mai motocin sufuri tasa, a ɗinka wa ma'aikatar gwamnati tata. Mai motoci ɗari yana iya samun layuka ɗari da ba su kira, ba su amsa kira, sai dai su aika ɗan gajeren saƙo, a kan kuɗi kaɗan. Shi da kansa zai kunna wanda ya so, ya kashe wanda ya so, daga teburinsa.

Kayan da suka koyi magana

Wannan shi ya buɗe ƙofar abin da masana ke kira intanet na kayayyaki, wato a sa wa injin katin sim ya dinga ba da labarin kansa. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Wani ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, mai kamfanin Tech-Innov a Yamai, ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa: mai lambu yana zaune a kasuwa ko a biro, ya latsa wayarsa, famfo mai aiki da hasken rana ya tashi a gona, ya sake latsawa ya tsaya. Wannan aiki ya ba shi babbar kyautar duniya ta Sarki Hasan na Biyu kan sha'anin ruwa a 2015.

Haka nan ɗan akwatin da ake maƙala wa babbar mota. Shi ke shaida wa maigida inda kayansa suke, da tsawon lokacin da suka yi tsaye, da man da aka sha. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso cikin jerin gwano, sanin inda mota ta kwana ya zama rabin jari. Ko mai kwantar NIGELEC ta biya kafin sha, da ke sayen kuran ta waya da tsakar dare, bisa wannan dandamali yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Kamfanin waya marar eriya

Akwai wata riba da ta fi wannan girma. Tun da ana iya raba dandamali, to ana iya ba da hayarsa. Mutum ya yi hayar rezon wani, ya sayar da layuka da sunansa, kamar mai haya a rumfar kasuwa. Virgin Mobile ya yi haka a Ingila tun 1999. A Kenya, bankin Equity ya fito da layinsa mai suna Equitel bisa rezon Airtel a 2015, domin abokan cinikinsa su yi hulɗa da asusunsu ta waya. A Najeriya hukumar NCC ta ba kamfanoni da dama irin wannan lasisi a 2023.

A nan gida muna da gidajen aika kuɗi irin su NITA, Al Izza da Amana, waɗanda suka san ƙauye da birni, jama'a kuma suka yarda da su. Muna da ƙungiyoyin manoma da na masu sufuri masu dubban mambobi. Irin waɗannan ne a wasu ƙasashe suka zama masu hayar rezo, suka kawo gasa, farashi ya sauka. Sai dai mai rumfa ba ya son ɗan haya ya fi shi ciniki. In hukuma ba ta ƙayyade kuɗin sari ba, ɗan haya zai mutu tun yana jinjiri.

Inda gizo ke saƙa

Ba a rasa ƙaya a wannan hanya. Ta farko ita ce wuta. Eriya ba ta aiki sai da kuran, kuma kowa ya ɗanɗana abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da muka dogara da ita, har zuwa watan Maris na 2024. A ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda galibinta hamada ce, kai gazuwal ga kowane turke ba ƙaramar ɗawainiya ba ce.

Ta biyu haraji. A ƙarshen 2018 ma'aikatar haraji ta rufe ofisoshin Orange da na Airtel a Yamai, tana bin na farko sefa miliyar 22, na biyu sama da miliyar 60, kafin a sasanta. Baitulmali na da hakkinsa, babu mai musu. Amma wanda ba ya iya leƙa ma'auni da idonsa, yaya zai san adadin abin da aka auna? Wannan ya sa ƙwarewar ma'aikatanmu kan dandamali ta zama batun kuɗin shiga na ƙasa.

Ta uku sirri. Manhaja ba ta san iyaka ba. Ana iya aje ta a Yamai, ana iya aje ta a Turai ko Asiya. Rajistar da ta san sunan kowa, da inda ya kwana, da wanda ya aika wa kuɗi, in tana hannun baƙo, to kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Dokar 2017 ta kafa hukumar HAPDP domin kare bayanan jama'a; aikinta zai ƙara nauyi duk sa'ad da aka sa wa sabon injin katin sim.

Abin da ya rage

Zamani ba ya jira. A watan Nuwamba na 2024, a nan Yamai, hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso suka sa hannu kan soke ƙarin kuɗin da matafiyi ke biya in ya tsallaka iyaka da layinsa. A watan Maris na 2025 Starlink ya fara sayar da intanet daga tauraron ɗan Adam a ƙasarmu. A watan Satumba na 2025 bankin BCEAO ya buɗe dandamalin da ke haɗa bankuna da asusun waya domin biya nan take. Duk waɗannan, a ƙarshe, gyaran manhaja ne a cikin cibiya.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da su fayyace sharuɗɗan hayar rezo, su tabbatar rajistar ƴan ƙasa ta zauna cikin ƙasa, su kuma tallafa wa Jami'ar Abdou Moumouni da sauran makarantu su horar da matasan da za su riƙe waɗannan injuna. Ɗan kasuwa kuma, kafin ya sa hannu kan kwangila, ya tambayi abu uku: ina ake aje bayanansa, nawa zai biya kan kowane layi a wata, kuma in ya so canza kamfani, layukansa za su bi shi ko sai ya sake sabon lale. Tun ran gini, ran zane. Allah ya sa mu dace.