Idan giya ta ƙi shiga: abin da za a bincika kafin a sauke wa mota buwat

A garejojin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, maganar da ta fi tayar wa mai mota hankali ita ce a ce masa sai an sauke buwat, wato akwatin giya. Sauke ta na nufin mota ta kwana biyu a gareji, a biya kuɗin aiki mai tsoka, sau da dama kuma a ƙare da sayen wata buwat ta hannu wadda ba wanda ya san irin wahalar da ta sha. Sai dai ba duk giyar da ta ƙi shiga ba ce ciwonta ke cikin akwati. Wani lokaci ƴar roba ce ta cinye, ko man birki ya yi ƙasa, ko kebur ya saki.

Matsalar ta fi damun masu motoci masu ƙarfin gudu, irin su Golf GTI ta kamfanin Volkswagen na Jamus, wadda samfurinta na farko ya fito a 1976 kuma matasa ke sha'awa har yau. Irin waɗannan motoci na iso mana ne daga Turai bayan sun yi shekaru a hannun wasu, galibi masu son taka mota. Bayan da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da a da ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya sun koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan hali, sayen abin da bai lalace ba hasara ce biyu.

Hanya uku da ciwon ke bi

Kafin giya ta shiga, abu uku ne ke aiki tare. Na farko kuloci, wanda makanisai ke kira amburyaj: shi ke raba inji da buwat idan direba ya taka feda. Na biyu sanduna ko keburan da ke ɗaukar motsin hannun direba su kai shi ga buwat. Na uku kayan cikin akwatin, musamman wasu zobba na tagulla da ake kira sinkoro, waɗanda ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, direba zai ji kusan abu guda: sanda ta yi tauri, ko a ji ƙarar gurzar haƙora. Shi ya sa bincike ke farawa daga waje, inda gyara ke da sauƙi, ya ƙare a ciki.

Gwajin farko ba ya cin ko dala

A tsayar da mota a wuri mai lebur, a kashe inji, a taka kuloci, a bi giya ɗaya bayan ɗaya. Sannan a tayar da inji a sake. Idan duk sun shiga lafiya inji na kashe, amma suka ƙi da aka tayar, kuloci ne ba ya sakin inji gaba ɗaya. Idan kuwa ko inji na kashe sanda ba ta samun hanya, sai a koma kan sanduna da kebura, ko cikin akwati. A lura cewa a mota tsaye haƙora kan yi karo da juna, don haka idan giya ɗaya ta cije, a ɗan tura motar kaɗan a sake gwadawa kafin a yanke hukunci.

Giyar baya ma tana ba da shaida. A buwat mai giya 5 ta Golf 2, Golf 3 da Golf 4, giyar baya ba ta da sinkoro. Idan inji na aiki, aka taka kuloci har ƙasa, aka jira kamar daƙiƙa 5, ya kamata ta shiga shiru. Idan har ta yi gurza bayan wannan jira, akwai abin da ke ci gaba da juya buwat, kuma kuloci ne abin tuhuma na farko. Haka nan idan an sa giya ta ɗaya, ƙafa na kan kuloci, amma mota na neman jan jiki.

Kuloci: na kebur da na mai

A mafi yawan Golf 2 da Golf 3, har da GTI mai bawul 8, kebur ne ke jan kuloci. Keburin kan miƙe da tsufa, abin da ke daidaita shi da kansa kan maƙale, ko ɗan ƙarfen da yake ja a jikin buwat ya tsage. Duk waɗannan ana gyara su ba tare da an sauke akwati ba.

A Golf 3 mai bawul 16, da VR6, da Golf 4, mai ne ke tura kuloci ta famfo biyu, ɗaya a bayan feda, ɗaya a wajen buwat. Man nan daga robar man birki yake fitowa, kuma an sa bututun kuloci a sama da na birki, ta yadda idan mai ya ragu kuloci ne zai fara shaƙar iska, birki ya tsira. Saboda haka giyar da ta yi tauri farat ɗaya na iya zama gargaɗi cewa man birki na zuba a wani wuri, abin da bai kamata a kwana da shi ba.

Idan direba ya tattaka feda sau 4 ko 5 sai giya ta shiga, akwai iska a bututu ko famfo ya gaji. Idan an riƙe feda a ƙasa na ɗan lokaci sai mota ta fara motsi da kanta, robar cikin famfo ce ke sakin mai. Man da ya dace shi ne DOT 4. Yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a canja shi duk shekara 2. A wasu buwat masu giya 6, famfon ƙasa na cikin ƙoƙon kuloci, kuma idan shi ne ya fashe ba makawa sai an sauke.

Idan kebur da famfo duk lafiya suke amma kuloci bai daina riƙe inji ba, to faifan kuloci ne ya karkace ko ya maƙale a kan sandarsa, ko filato ya gaji. Nan ma za a sauke buwat, amma ba za a buɗe cikinta ba.

Tsakanin hannu da akwati

Sandar giya motsi biyu take yi: na gefe, wanda ke zaɓar layi, da na gaba da baya, wanda ke shigar da giya. Idan direba ya nemi ta ɗaya ya faɗa ta uku, ko ta biyar ta ɓace masa, motsin gefe ne ya ɓaci. Idan kuwa na gaba na shiga amma ta biyu da ta huɗu ba sa kaiwa, motsin gaba da baya ne bai cika ba.

A tsofaffin Golf masu sanduna, kawunan sandunan na roba ne. Zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da yanayi ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke cakuɗuwa da girisi, na cinye su har sanda ta riƙa yawo kamar muciya a tukunya. A masu kebura kuwa, robobin bakin kebur ne ke yin laushi, ko daidaiton ya goce. Daidaita keburan Golf 4 aiki ne na ƴan mintoci ga wanda ya iya: a kulle maɓallin da ke kan buwat da filinsa, a kulle sanda a cikin mota da ƙusa mai kaurin milimita 5, a saki makullan kebur su zauna da kansu, a sake ɗaure su.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a cire sanduna ko kebura daga jikin buwat, a sa giya da hannu kai tsaye, inji na kashe. Idan duk sun shiga, akwatin ba shi da laifi a wannan fanni. A kuma duba robobin kujerar inji. Idan sun yage, inji kan yi tsalle duk lokacin da aka ba shi wuta, ya ja sanduna, har giya ta fice da kanta.

Man buwat, wanda aka fi mantawa

Masu mota da yawa na yin juyen man inji a kan kari, amma su yi shekaru ba su leƙa na buwat ba. Waɗannan akwatuna na ɗaukar kimanin lita 2 ne kawai, don haka ɗigon da ake rainawa a bakin sandunan taya kan rage shi sosai. A buwat ɗin Golf 2 da Golf 3 mai lamba 020, giya ta biyar na can ƙarshen akwati, ita ce ke fara rasa mai. Wanda ya hau babbar hanyar RN1 daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 600 galibi a giya ta biyar, da mai ƙasa da ƙa'ida, na iya jin ta fara kuka ko tana ficewa kafin ya kai Ƙonni.

Irin man ma na da muhimmanci. Wanda ake yawan sa wa waɗannan buwat shi ne 75W-90 mai alamar GL-4, ko wanda kamfanin ya rubuta a littafin mota. Mai kauri irin na gadar manyan motoci kan sa sanda ta yi tauri da safe a sanyin Disamba da Janairu, kuma wasu masu alamar GL-5 ba sa shiri da zobban tagulla. Kafin a kwance murfin juye na ƙasa, a tabbatar na zubawa yana buɗuwa. A tari tsohon man a kwano mai tsabta a duba shi a rana: ƙyalƙyali mai ruwan zinariya na nufin sinkoro na cinyewa, gutsattsarin ƙarfe kuma haƙori ne ko boris.

Lokacin da babu makawa

Idan giya ɗaya tak ke gurza, galibi ta biyu ko ta uku, musamman idan an yi saurin canjawa ko ana saukowa daga ta sama, sinkoro ɗinta ne ya gaji. Tsofaffin direbobin manyan motoci na da dabarar tabbatar da haka: a taka kuloci a fito firi, a saki, a ɗan ba da wuta idan saukowa ake yi, a sake takawa a sa giya. Idan ta shiga shiru ta wannan hanya, an kama ɓarawo. Giyar da ke ficewa bayan an tabbatar mai, sanduna da kujerar inji lafiya suke, ita ma aikin ciki ce: bakin haƙora ya goge, ko cokalin da ke tura giya ya cinye. Wannan ba abin jinkirtawa ba ne, domin giyar da ta fice a tsakiyar wuce babbar mota na barin direba ba ƙarfi a hannun da ba nasa ba.

Wanda zai sayi buwat ta hannu, a kasuwannin gida ko a Ƙofar Ruwa ta Kano inda ƴan kasuwarmu ke saro kayan gyara, ya duba haruffan da aka buga a jikin akwatin ya gwada da na tasa. Buwat ɗin mota mai gazuwal na iya zama daram a jikin GTI, amma lissafin haƙoranta daban ne, motar ba za ta ja yadda ta saba ba. A yi yarjejeniyar gwaji da mai sayarwa kafin a biya, a kuma duba faifan kuloci tun akwatin na ƙasa, don kada a biya kuɗin saukewa sau biyu.

Sauran kuma na hannun direba. Ɗora hannu a kan sandar giya ana tafiya na cinye cokulan ciki, barin ƙafa a kan feda na ƙona kuloci, danna giya da ƙarfin tsiya kuma na iya mayar da gyaran roba ya zama na haƙora. Mai mota na da ikon ya tambayi makanise gwajin da ya yi kafin ya ce a sauke buwat, ya kuma nemi a nuna masa tsohon man da abin da aka cire. Makanisen da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya.