Amsoshin Tambayoyinku: Cocin St. Martin da ke Katsina

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Sandamu, ƙasar Daura, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin cocin 'yan Katolika na St. Martin de Porres da ke birnin Katsina. Wai shin wane ne Martin ɗin nan, kuma me ya haɗa shi da Katsina?"

AMSA: To Malam, shi dai Martin bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. An haife shi ne a Lima ta ƙasar Peru cikin 1579, ya rasu a 1639. Ubansa Bature ne mutumin Sifen, uwarsa kuwa baƙar fata ce, 'yantacciyar baiwa. Ya shiga ɗarikar Dominikan, inda ya yi suna wajen jinyar marasa lafiya da ciyar da matalauta. A 1962 Paparoma John na 23 ya sanya shi cikin jerin waliyyansu.

Ɗarikar nan tasa ita ce mahaɗin. A 1953 fadar Paparoma ta yanke yankin Sakkwato, har da ƙasar Katsina, ta danƙa wa limaman Dominikan 'yan Amurka, yankin kuma ya zama cikakkiyar gundumar bishof a 1964. Ka ga ke nan ba abin mamaki ba ne su raɗa wa coci sunan nasu.

Kada ka manta, Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan burki a masarautun Musulmi. Shi ya sa masu zuwa coci na farko a garuruwanmu galibi baƙi ne 'yan Kudu, ma'aikata da 'yan kasuwa. Hausawan da suka karɓi Katolika kuwa, yawancinsu daga ƙauyukan Maguzawa suka fito, musamman wajejen Malumfashi.

Shekara da shekaru St. Martin cocin ikilisiya ne kawai, fada ke riƙe da shi, bishof yana can Sakkwato, tafiya mai nisan gaske. Sai a ran 16 ga Oktoba, 2023, Paparoma Francis ya cire Katsina ya ba ta gundumarta, St. Martin ya zama babban coci, wato mazaunin bishof. A Disambar shekarar aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda ake kira Bahaushe na farko da ya zama bishof a Katolika. Ku ma can Daura da Sandamu, 'yan Katolikan da ke wajenku a ƙarƙashinsa suke.