Zane da Aikin Hannu a Matsayin Hanyar Cusa wa Yaran Firamare Kula da Sauyin Yanayi: Misali Daga Maiduguri

1.0 Gabatarwa

A wayewar garin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye wani babban ɓangare na birnin Maiduguri, har ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Shekara 30 kafin wannan, wato a 1994, an taɓa ganin irin wannan ambaliya. Yaron da ya ga haka da idonsa ba ya bukatar a kawo masa hoton ƙanƙarar Turai kafin ya yarda cewa muhalli abin kula ne. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda malamin firamare zai yi amfani da zane da aikin hannu, da kayan da ke kusa da shi, domin ya mayar da abin da yaro ya gani ya zama sani, sanin kuma ya haifar da kulawa.

2.0 Matsalar Kalmar "Yanayi"

A Hausa kalmar "yanayi" tana ɗauke da ma'ana biyu da masana kimiyya suka raba. Akwai yanayin yini, kamar hadarin yau ko hazon gobe, akwai kuma yanayin ƙasa na tsawon shekaru, wanda masana kan auna da shekara 30. Shi wannan na biyu ne ake nufi da "sauyin yanayi", kuma babban dalilinsa shi ne iskar kabon da ke fitowa daga ƙona fetur da kwal da gas, wadda ke riƙe zafin rana a sararin samaniya. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya hango shekara 30 ba. A nan ne zane ke da amfani, domin yana iya ajiye jiya da yau a kan takarda guda.

3.0 Ayyukan da Suka Dace da Aji

3.1 Taswirar Tafkin Chadi

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin da aka yi a 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, sai ya koma bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Malami zai zana iyakar tafkin ta dā a jikin kwali, ya zana ta bayan fari a cikinta. Yara su shafa shuɗi a ƙaramar da'irar, su manna yashi da ƙaro a filin da ruwa ya bari, sa'an nan a sa alama a inda Baga take. Daga nan sai a tambaye su: ina masunta suka koma, kuma me ya sami bandar da ake kawowa kasuwa? Wajibi ne malami ya faɗa musu cewa ƙarancin ruwan sama ne babban dalili, amma ɗibar ruwa don noman rani ita ma ta taimaka.

3.2 Tudu Biyu na Yumɓu da Yashi

Za a gina tudu biyu a kan faranti. Ɗaya a bar shi tsirara, ɗayan a dasa masa ciyawa mai saiwa, a kakkafa tsinke a matsayin itatuwa. Sai wani yaro ya zuba ruwa daga buta a kan kowanne, sauran su lura da wanda ƙasarsa ta fi zaizayewa da kuma launin ruwan da ya gangaro. Gani ya kori ji. Idan aka ƙara ɗan shingen yumɓu a ƙasan tudun, yara za su ga abin da ke faruwa idan ruwa ya fi ƙarfin madatsa. A nan ma ya kamata a bayyana cewa ruwan sama mai yawa da raunin ginin madatsa ne suka haɗu a Alau, don kada yaro ya ɗauka cewa duk wata musiba sauyin yanayi ne kaɗai ya jawo ta.

3.3 Littafin Itatuwa

Duk wanda ya zo Maiduguri daga ƙasar Hausa, kamar mai wannan rubutu, abin da zai fara lura da shi shi ne jerin itatuwan dogon yaro a gefen tituna, waɗanda suke ceton jama'a a zafin bazara. Kowane yaro zai tsinto ganyen da ya faɗo, ya shafa masa launi, ya danna a takarda, ya rubuta sunan itacen da Hausa da Kanuri bayan ya tambayi iyayensa: aduwa, tsamiya, kuka, magarya, dakwara. Ba sai an sayi fenti ba, domin ruwan zoɓo da lalle da gawayi da jar ƙasa sun wadatar. Gawo ya cancanci shafi biyu, saboda yakan kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Daɗin daɗawa, wannan aiki yana adana kalmomin da yaran birni suka fara mantawa da su. Ta nan kuma malami zai ba su labarin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Jihar Borno take cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa.

3.4 Saƙa da Leda

Ledar ruwan sha tana toshe magudanu, sai ruwan da ya kamata ya wuce ya kwanta a unguwa. Yara za su tattaro ta, a wanke, a tsaga, su tufka igiya ko su saƙa tabarmar zama. Haka kuma a cika wasu da ƙasa, a shuka irin dogon yaro a ciki.

4.0 Abubuwan Lura

Na farko, akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai. Ayyukan da aka ambata duk sun tsaya ga ruwa da ƙasa da itace, saboda haka ba za su jawo saɓani ba. Na biyu, a cikin aji akwai yaran da suka rasa gida ko ɗan'uwa a ambaliya, akwai kuma waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu. Kada a tilasta wa irin waɗannan su zana abin da ya same su. A bar wanda ya so ya yi, wanda bai so ba ya zana gidan da yake fata. Na uku, kada a ba da maki kan kyan zane, a ba da shi kan abin da yaro ya iya bayyanawa game da zanensa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda kwali da yumɓu da ganye da leda za su iya koyar da abin da jawabi ba zai iya ba. Sai dai tsoro kaɗai ba ya haifar da kulawa. Saboda haka ya dace kowane aiki ya ƙare da wani abu da aka danƙa wa yaro amanarsa, musamman dashen da ya rena a leda, wanda zai dasa a harabar makaranta, ya rataya masa allo mai sunansa, ya riƙa ba shi ruwa har ya bar firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.