Ciwon Wuya da Baya ga Ma'aikacin Ofis: Gyara Zama, Ka Rage Tsawonsa

Idan kana wuni a gaban kwamfuta, wataƙila ka san wannan yanayin: da safe lafiya lau, amma kafin la'asar wuya ya sage, kafaɗu sun yi nauyi, ƙugu yana zogi. Matsalar ba taka ba ce kai kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane gudanar da harkokinsu. Yawancin irin wannan ciwo ba alamar wata babbar cuta ba ne. Tsokoki da gaɓoɓi ne suka gaji da daɗewa a yanayi ɗaya.

Me ke faruwa a jikinka?

Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5. Idan yana daidai saman kafaɗu, ƙashin wuya na ɗaukarsa cikin sauƙi. Da zarar ka miƙa shi gaba don leƙen kwamfuta, ko ka sunkuya kan waya, tsokokin bayan wuya ne ke riƙe shi, kuma nauyin da suke ji yana ninkuwa gwargwadon sunkuyawar. Haka ma ƙasan baya: idan ka zame a kujera bayanka ya lanƙwashe, matsi na ƙaruwa a kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Na minti biyar ba komai. Na awa shida kullum, jiki zai yi magana.

Yadda za ka shirya wurin aikinka

Fara da kujera. Zauna ka kai ƙugunka can ƙarshenta, bayanka ya jingina. Idan kujerar ba ta tallafe ƙasan baya, naɗe ƙaramin tawul ka sa a wurin. Tafin ƙafafunka su taka ƙasa sosai, gwiwoyi su yi daidai da ƙugu ko su ɗan fi shi ƙasa. Idan kujerar ta yi maka tsayi, sa katako ko ƙaramin akwati a ƙarƙashin ƙafa. Cire walat daga aljihun baya kafin ka zauna, don yana karkatar da ƙugu gefe ɗaya.

Sai kwamfuta. Ta kasance gabanka sak, nisan miƙa hannu ɗaya, saman fuskarta daidai da idonka ko ƙasa kaɗan. Laftof na da matsala ta musamman: idan hannu ya ji daɗi, wuya zai sunkuya. Ɗora ta a kan littattafai, ka haɗa mata kibod da maus na daban. Gwiwar hannu ta kasance kusa da jiki, kafaɗu a sake, wuyan hannu a miƙe. Kada ka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana rubutu. Yi amfani da abin sawa a kunne.

Motsi ya fi kujera mai tsada

Ko ka shirya komai daidai, babu zaman da ya dace a daɗe a cikinsa. Kowane minti 30 zuwa 45, tashi ko da na minti ɗaya ko biyu ne. Amsa waya a tsaye, ka taka zuwa wurin abokin aiki maimakon tura saƙo. Ka riƙa yin waɗannan: ja haɓarka baya a hankali ka riƙe na daƙiƙa biyar, matse allunan kafaɗa biyu zuwa baya, sannan ka miƙe tsaye ka dafa ƙugu ka ɗan gantsare. Ido ma yana buƙatar hutu: kowane minti 20, kalli abu mai nisan kusan mita 6 na daƙiƙa 20. Bayan tashi aiki, ka nemi aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kamar tafiya da sauri minti 30 sau biyar.

Yaushe za ka ga likita?

Je asibiti nan take idan ciwon baya ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, ko raunin ƙafa. Haka ma idan ciwon kafaɗa ko hannu ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko haki, domin yana iya zama daga zuciya. Ka nemi likita ba da jinkiri ba idan akwai zazzaɓi, rama ba dalili, ko ciwon da ke tada kai barci, saboda tarin fuka na iya kama ƙashin baya. Idan ciwon ya wuce mako huɗu zuwa shida, ko yatsu na yawan mutuwa, a duba ka. Ana iya tura ka sashen fisiyo.

Kada ka mayar da ibuprofen ko diclofenac abin sha kullum. Daɗewa a kansu na iya jawo gyambon ciki da illa ga ƙoda, alhali abin da ke kawo ciwon yana nan a teburinka.